Ina tsofaffin Zariya suke a cikin alƙaluman lafiya?

Malam Garba: Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda ya san fom ɗin wata-wata na ƙananan asibitoci, wanda ake shigarwa cikin DHIS2, wato manhajar tattara alƙaluman lafiya ta ƙasa, ya san yadda aka kasa masu zuwa asibiti: kwana 0 zuwa 28, kwana 29 zuwa wata 11, wata 12 zuwa 59, shekara 5 zuwa 9, 10 zuwa 19, sai kuma 20 zuwa sama. Wato saurayi ɗan 22 mai zazzaɓi da dattijo ɗan 78 mai kumburin ƙafa gida ɗaya ake zuba su. Binciken NDHS, na ƙasa kan yawan jama'a da lafiya, mata 'yan 15 zuwa 49 yake yi wa tambayoyi, maza kuma a na 2018 ya tsaya a 59. Binciken STEPS na Hukumar Lafiya ta Duniya, kan abubuwan da ke jawo cututtuka marasa yaɗuwa irin su hawan jini da suga, a 69 yake tsayawa. Ƙidayar jama'a rabonmu da ita tun 2006. Ga shi kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 don tsufa cikin ƙoshin lafiya. Tambayata: in mazaɓa ɗaya, a ce Kwarbai ko Gyallesu, za ta buɗe rajistar 'yan 60 zuwa sama, me za a rubuta a ciki, wa zai rubuta, kuma me za a yi da shi?

Dakta Hauwa: Wa alaikumus salam Malam. Kafin a zana layi ko ɗaya a rajista, a fara yarda da abin da ake aunawa. In cututtuka kawai za a ƙirga, mutum ɗaya zai fito sau huɗu, a hawan jini, suga, ciwon gwiwa da ido, amma ba za a san ko yana iya zuwa banɗaki da kansa ba. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba shi ne me tsoho yake iya yi wa kansa. Tsarinta na kula da lafiyar tsofaffi, mai suna ICOPE, abu shida yake dubawa: tafiya, cin abinci, gani, ji, tunani, da damuwar zuciya. Gwajin farko ba ya buƙatar likita. A ce ya tashi daga kujera sau 5 ba tare da dafawa ba, a ga ko ya gama cikin daƙiƙa 14. A tambaya ko ya zubar da fiye da kilo 3 a wata uku, ko ya daina jin son abinci. A faɗa masa kalmomi uku ya riƙe, a tambaye shi kwanan wata da inda yake, sannan a ce ya maimaita kalmomin. A yi masa raɗa a kunne. A tambaye shi halin idonsa. A ƙarshe a tambaya ko a mako biyun da suka wuce ya riƙa jin ƙuncin rai, ko ya daina jin daɗin abin da ya saba jin daɗinsa. Waɗannan shida su ne ginshiƙin rajistar.

Hajiya Ladi: Dakta, sannu da ƙoƙari, amma akwai abin da ya riga wannan: shekarun kansu. Yawancin iyayenmu ba su da takardar haihuwa. Ka tambayi tsohuwa shekarunta, jika ne zai amsa daga bakin ƙofa, ya ce saba'in. Shi ya sa rajista ke cika da 60, 65, 70, 80, da ƙyar ka ga 67 ko 73.

Malam Garba: Gaskiya ne Hajiya, kuma ana iya gane girman ɓarnar. A ƙirga waɗanda shekarunsu suka ƙare da 0 ko 5. In an rubuta gaskiya, kusan mutum ɗaya cikin biyar ya kamata su zama. In sun kai rabin rajista, to ƙiyasi aka rubuta.

Malam Yohanna: Maganin wannan jadawalin tarihi ne, kuma mu a Zazzau muna da abin kafa hujja. A buga takarda ɗaya a liƙa a bangon rajista: Sarki Muhammadu Aminu ya hau 1959, 'yancin kai 1960, buɗe Jami'ar Ahmadu Bello 1962, rasuwar Sardauna Janairun 1966, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, komawa tuƙi ta hannun dama 1972, fitowar naira 1973, hawan Sarki Shehu Idris 1975, rasuwar Murtala Fabrairun 1976. Ba a tambayar tsoho shekarar da aka haife shi. Ana tambaya ne: lokacin da aka daina fam da sule, kin yi aure? Kina goyon wa? In ta ce tana goyon ɗan fari a 1973, sai a tambayi tazarar aurenta da haihuwar, a yi lissafi baya. A yi amfani da abu biyu aƙalla, a ga ko sun yi daidai da juna. A rajista kuma a bar gida ɗaya na nuna tushen shekarun: takarda, jadawali, ko ƙiyasi.

Kada a ɗauki takardar rantsuwar shekaru ko katin ɗan ƙasa a matsayin gaskiyar ƙarshe. Tsofaffin ma'aikata da dama shekarun aiki ne a takardunsu, sun gaza na haihuwa. A ɗaya ɓangaren kuma, da zarar labari ya bazu cewa ana rubuta tsofaffi, wasu za su ɗauka tallafin kuɗi ne, sai ɗan 54 ya zama ɗan 62. Dole mai unguwa ya sanar tun farko cewa ba rabon kuɗi ba ne.

Hajiya Ladi: Sai maganar kujera. Iyayenmu mata a cikin birni a tabarma suke zama, ko a kujerar tsakar gida 'yar guntuwa. In aka gwada wannan da kujerar roba mai hannu, waccan a bakin gado, sakamakon ba zai kwatantu ba. A ɗauki kujera ɗaya marar hannu, mai tsayin da in mutum ya zauna tafin ƙafarsa zai taka ƙasa sosai, a jingina ta da bango don kada ta zame, ita za a riƙa yawo da ita gida-gida. Ya harɗe hannu a ƙirji. Mai gwaji ya tsaya dab da shi. Wanda tun farko ya ce ba zai iya ba, kada a matsa masa, a rubuta bai iya ba.

Dakta Shehu: Ina goyon bayan Hajiya, kuma zan ƙara tambayoyin da suka fi kusa da rayuwarmu, a ajiye su kusa da na ICOPE, ba a madadinsu ba. Yana sallah a tsaye da ruku'u da sujada, ko ya koma yi a zaune? Tun yaushe? Yana iya tsugunno a banɗaki ya miƙe da kansa? Yana ɗaukar buta ya yi alwala ba taimako? Yana zuwa masallaci ko coci da ƙafarsa, ko ya daina? Tsoho zai iya mance ranar da gwiwa ta fara ciwo, amma ba ya mance azumin da ya fara tarawihi a zaune. Wannan yana ba mu lokaci, kuma lokaci shi ne abin da sa ido ke buƙata.

Game da kwanan wata kuma, a karɓi na Musulunci. Tsohuwar da ta ce yau Laraba, muna cikin watan Rajab, tunaninta daidai yake ko da ba ta san watan Bature ba. In aka kafe a kan Janairu da Fabrairu za a rubuta wa mutane da yawa ciwon mantuwa alhali lafiyarsu ƙalau. Haka kuma a gwada ji kafin tunani. Wanda bai ji kalmomin ba, ta yaya zai maimaita su?

Dakta Hauwa: Wannan tsarin jerin yana da muhimmanci, na gode Dakta. Ji, gani, sannan tunani. Gwajin raɗa: mai gwaji ya tsaya bayan mutum, tazarar tsawon hannu, don kada ya karanta leɓe. A toshe ɗaya kunnen da yatsa. Mai gwaji ya fitar da numfashi tukuna sannan ya yi raɗar, in ba haka ba murya za ta fito da ƙarfi. A kauce wa wurin da injin niƙa ko janareta ke aiki. Mata kuma mace ce za ta gwada su, don a janye ɗankwali ko hijabi daga kunne. Wanda ya faɗi gwajin, a leƙa kunnen kafin a ce kurumta ce, domin sau da yawa dattin kunne ne ya taru ya toshe.

Ido kuma, allon harafin E mai fuskantar ɓangarori huɗu ya wadatar, ba sai mutum ya iya karatu ba, da hannu zai nuna. A auna tazarar da aka rubuta a jikin allon da tef, kada a yi da taku. Ido ɗaya bayan ɗaya, a wuri mai haske, da tabaransa in yana da shi. Wanda ganinsa ya gaza layin 6/18 na allon a tura shi asibiti. Yanar ido aiki ake yi mata gani ya dawo, shi ya sa wannan gidan na rajista yake da daraja sosai.

Malam Isiyaku: Ku yi haƙuri, zan ɗan ja da baya. Duk wannan yana da kyau, amma hawan jini da suga su ne ke kai mutane ga shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda, kuma awon da ake yi musu yanzu ma da gyara. Mutum ya taho a ƙafa daga Tudun Jukun cikin rana, ya zauna a benci ba majingina, goro a baki, a ɗaura masa na'ura a kan hannun riga. Wannan lambar ba ta da amfani. Ƙa'ida ita ce ya huta minti 5, baya a jingine, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, damtse tsirara a daidai tsayin zuciya, ba magana. Ya yi fitsari tukuna. Ba goro, ba taba, ba shayi mai ƙarfi a rabin awar da ta wuce. A auna sau biyu da tazarar minti 1 zuwa 2. Ba a cewa hawan jini ne sai an sami 140/90 ko sama a ranaku biyu daban-daban.

Girman ɗamarar na'urar da ake ɗaurawa a damtse ma abin lura ne. Ƙarama a babban damtse tana ƙara lamba, babba a siririn damtse tana ragewa, kuma tsofaffinmu da yawa ramammu ne. Kowace tawaga ta riƙe aƙalla girma biyu, uku ya fi. A rubuta lambar yadda ta fito, 147/92, kada a mayar da ita 150/90. Mai duba aiki ya ƙirga lambobin da suka ƙare da sifili. In sun yi yawa, ko ana gyara lamba ne, ko ba a auna ba sam.

Dakta Shehu: A ƙara awon tsaye ga duk wanda ya ce jiri na ɗibarsa ko ya taɓa faɗuwa. A auna a kwance, ya miƙe, a sake aunawa cikin minti 3. In lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10, a duba magungunansa, musamman masu sa fitsari, a duba kuma ko yana shan ruwa. A bazara da lokacin azumi wannan ya fi fitowa.

Malam Isiyaku: Haka ne. Suga kuma, awon safe bayan awa 8 ba ci, 7.0 ko sama a ma'aunin mmol/L, wato 126 a mg/dL, shi ne alamar ciwon. Ga kuskuren da ke ɓata rajista: na'urori biyu a asibiti ɗaya, kowace da ma'auninta, sai a rubuta 7 a wannan layi, 130 a na ƙasa, ba a nuna ma'auni ba. A zaɓi ɗaya a rubuta shi a saman gidan. Tsinken gwaji kuma zafi na lalata shi. In an bar kwalbar a buɗe, ko ta wuni a akwatin babur a watan Afrilu, lambar da za ta bayar ba abin dogaro ba ce. A rubuta ranar da aka buɗe kwalba a jikinta.

Sannan a ce wa iyali su fito da duk abin da tsoho ke sha a leda ɗaya: na asibiti, na kemis, na gargajiya. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saye don gwiwa suna ɗaga jini, suna taɓa ƙoda da ciki. A rajista a rubuta yawan magungunan da ranar da aka duba su.

Hajiya Ladi: Nauyi fa? Tambayar kilo 3 a wata uku ba ta aiki ga wanda bai taɓa hawa sikeli ba. A zagayen farko a tambaya ko zani ko wando ya yi masa yawa, ko zobe na zamewa, sannan a auna a rubuta, zagaye na biyu ne zai ba da amsa ta gaskiya. Sikeli a kan siminti, ba a kan rairayi ko tabarma ba. Wanda ba ya iya tsayuwa, a auna kaurin sharaɓarsa da tef a inda ta fi kauri, ƙasa da santimita 31 alama ce ta rama. In ƙafa ta kumbura wannan awon ba ya aiki, a rubuta akwai kumburi. A leƙa baki kuma, domin wani ba rashin abinci ne ke damunsa ba, haƙoran tauna ne babu. Kada a sa zagaye a cikin azumi ko dab da bayan sallah ƙarama.

Akwai tambayar da ba a yi a gaban jikoki ko suruka: riƙe fitsari. A keɓe, mace da mace, namiji da namiji. In aka yi ta a tsakar gida kowa zai ce lafiya lau.

Malam Garba: Madalla. To ga inda nake ganin aikin zai iya rushewa ko da an auna komai daidai. In rajistar a asibiti kawai take, waɗanda suka iya zuwa kawai za mu gani. Wanda ya fi kowa buƙata, na kwance a ɗaki shekara biyu, ba zai taɓa shiga ba, sai alƙaluma su nuna tsofaffin mazaɓar ƙalau suke. Dole a fara da jerin gida-gida. Taswirar unguwanni da lambobin gidaje da aka saba amfani da su a rigakafin shan-inna za su rage wahala. Wannan jerin shi zai zama adadin da ake raba komai da shi, ya fi hasashen da aka ɗora a kan ƙidayar 2006, wanda a matakin mazaɓa ba ya tsayuwa.

Kowane mutum lamba ɗaya: lambar mazaɓa, ta unguwa, ta gida, ta mutum. A ba shi kati mai lambar. In ba haka ba, Hajiya ɗaya za ta fito a asibitin mazaɓarta, ta fito a asibitin Ƙofar Gayan, ta fito a na Shika, a ƙirga ta mutum uku. A kasa shekaru 60 zuwa 69, 70 zuwa 79, 80 zuwa sama, maza daban mata daban.

Malam Yohanna: Malam Garba, ina da ja a nan. Ma'aikaciya ɗaya a ƙaramin asibiti tana riƙe da rajistar awon ciki, ta rigakafi, ta haihuwa, ta tazarar haihuwa, ta zazzaɓin cizon sauro. In aka ɗora mata wata mai gidajen cikewa arba'in, a ƙarshen wata za a cike ta daga ka. Kuma abin da ya fi damuna: a gano wa tsoho yanar ido, a rubuta, a tafi. Bayan wata shida a dawo a sake gwada shi, ba abin da ya canza. Karo na uku ba zai buɗe ƙofa ba, kuma yana da gaskiya.

Dakta Hauwa: Wannan ja ne mai tushe. Ƙa'idar da zan ba da ita ce duk gidan rajista da ba a san matakin da zai biyo bayansa ba, a goge shi. Kafin zagayen farko a zauna a rubuta: wanda ya faɗi gwajin ido ina za shi, wace rana, wa zai raka shi, nawa ne kuɗin mota, nawa ne na aiki. Masu sauƙi a asibitin mazaɓa, masu nauyi zuwa Asibitin Gambo Sawaba ko Asibitin Koyarwa na Shika, na ido mai wuya har Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. A duba kuma wa ke da rajistar inshora ta KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta Jihar Kaduna, wa kuma zai iya shiga ƙarƙashin asusun BHCPF na Gwamnatin Tarayya na kula da lafiya a matakin farko. A rajista gidan an tura shi ba ya wadatarwa, sai an ƙara gidan ya je da gidan an yi masa.

Malam Garba: Na karɓa. To rahoton wata-wata ya tsaya a alƙaluma kaɗan. Nawa aka gwada cikin waɗanda ke jerin gida-gida. Nawa suka faɗi a kowane ɗaya daga cikin shidan. Cikin waɗanda aka tura, nawa suka isa. Cikin masu hawan jini da suka yi wata uku ko fiye a kan magani, nawa ne awonsu na ƙarshe ya sauka ƙasa da 140/90. Nawa suka faɗi ƙasa a watan. Nawa suka rasu. A lura da na huɗun: a ce mutum 100 ke kan magani, 40 suka dawo, 30 cikinsu jininsu ya daidaita. Amsar 30 cikin 100 ce, ba 30 cikin 40 ba. Sauran 60 ɗin su ne aikin watan gobe, a fitar da sunayensu a bi su.

Dakta Shehu: Rasuwa ce mafi wuyar kamawa. Yawanci a gida ake rasuwa, a yi jana'iza cikin sa'o'i, ba takarda, ba a kai rahoto ga Hukumar Ƙidaya. Amma liman ya sani, mai unguwa ya sani, masu kula da maƙabarta sun sani, a Wusasa da Sabon Gari majami'u na da littafinsu. Kwamitin raya mazaɓa ya riƙa tattaro suna, rana da unguwa duk wata, a daidaita da rajista. Tambayar musabbabi kuwa ba a yin ta a zaman makoki. A bari kwanaki su ja, a je da fom ɗin tambayoyin musabbabin rasuwa na Hukumar Lafiya ta Duniya, a tambayi wanda ya yi jinya, kada kuma a wuce shekara domin mantuwa na shiga. Tsufa ba musabbabi ba ne da za a rubuta, haka ma ajali. A rubuta abin da aka gani: ɓarin jiki ya shanye, numfashi ya yi wuya da kumburin ƙafa, ya faɗi ƙugu ya karye bai sake tashi ba.

Hajiya Ladi: Takarda ko waya?

Malam Garba: Takarda ce uwa, waya 'ya. A cike a takarda a gida, a shigar a waya da manhajar da ke aiki ba intanet, a tura in an sami sabis. A sa wa manhajar iyaka, ta ƙi karɓar nauyin kilo 600 ko shekara 16. Duk wata mai duba aiki ya zaɓi gida 10 cikin 100 ba tare da sanarwa ba, ya koma ya sake tambayar shekaru, ya sake awon jini da nauyi, ya kwatanta.

Malam Isiyaku: Kuma don Allah kada a ɗauki hoton shafin rajista a tura a zauren WhatsApp. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Ko ba doka, a unguwa kowa ya san kowa, in aka ji an rubuta wa Malam wane mantuwa ko rashin riƙe fitsari, mutuncinsa aka taɓa. Izini daga bakin tsohon da kansa za a nema, ba daga ɗansa ba, sai in tunaninsa ya gushe. Sunaye su tsaya a asibitin mazaɓa cikin kabad mai makulli, lambobi kawai za su hau zuwa ƙaramar hukuma.

Malam Yohanna: In haka ne na janye rabin jan da na yi. Sauran rabin: kada a fara da mazaɓu 13 na Zariya gaba ɗaya. Unguwa biyu, ɗaya a cikin ganuwa ɗaya a ƙauye irin na ɓangaren Dutsen Abba, don a ga bambancin nisa da asibiti. A auna minti nawa gida ɗaya ke ci, daga nan a san tawaga nawa ake buƙata.

Dakta Hauwa: Na yarda. Zagaye sau ɗaya a shekara ga wanda ya haye duka shidan, duk wata uku ga wanda ya faɗi ko da ɗaya, duk wata ga na kwance. Malam Garba, ka zana mana shafin da gidajen da muka ambata, ka sa jadawalin Malam Yohanna a bangon ciki. Hajiya Ladi ta duba kalmomin tambayoyin mata kafin a buga.

Hajiya Ladi: To Dakta. A bar min gida ɗaya a ƙarshen layi na sunan mai jinya da dangantakarsa da tsohon, da ko akwai mai karɓarsa in ya gaji. Wani lokaci mai jinyar ita ma ta haura 60, sai a buɗe mata nata layin.